Ban Yi Kuka a Jana'izar Mahaifina Ba, Sai a Gaban Talabijin

Assalamu alaikum Kawu. Ni magidanci ne mai shekara 36, ina sayar da kayan gini a Zariya. Mahaifina ya rasu wata takwas da suka wuce bayan doguwar jinyar ƙoda, kuma ni ne babba a cikin 'ya'yansa. Tun daga asibiti har aka sa shi a makwancinsa, har aka yi sadakar arba'in, ko ɗigon hawaye bai fito mini ba. Mutane suna ta yaba tawakkalina. Ran nan da daddare maiɗakina da ƙanwarta suna kallon wani fim ɗin Indiya na fassara, ni ina gefe ina cin tuwo, ba ma kallon nake yi sosai ba. Sai aka zo wurin da wani saurayi ya dawo daga tafiya ya tarar an gama jana'izar babansa, ya shiga ɗakin tsohon ya ɗauki tabaraunsa ya riƙe. Kawu, ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba, kuka mai sauti irin na yara. Maiɗakina ta fashe da dariya ta ce, "Haba Alhaji, fim ne fa!" Washegari labari ya isa gidansu. Yanzu ƙanwarta in ta gan ni sai ta ce ga jarumin Indiya nan. Yau mako uku ke nan ba na yi wa maiɗakina magana sai ta dole. Kuma na sauke fim ɗin a wayata, in kowa ya yi barci sai in kunna wurin in yi ta kallo ina kuka. Abin da ya fi ci mini rai, ina sauraron karatun Alƙur'ani, ina zuwa tafsiri, ban taɓa zubar da hawaye ba, amma labarin ƙarya ya sa ni kuka. Imanina ne ya yi rauni, ko ƙwaƙwalwata ce ta taɓu, ko wani abu aka yi mini?

Wani bawan Allah, Zariya

Wa alaikumus salam ɗana. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ya ba ka ikon riƙe gidan da ya bar maka.

Ƙwaƙwalwarka lafiyarta ƙalau, kuma ba wanda ya yi maka komai, don haka kada ka kai wa kowa kuɗinka da sunan karya sammu. Kukan da ka yi a falo na mahaifinka ne. Ya makara ne kawai, kuma akwai dalilin da ya sa ya makara.

Ka tuna ranar da ya cika. Wa ya karɓo gawa daga asibiti? Wa ya sayo likkafani, ya aika a haƙa kabari, ya tsaya a wurin wanka, ya riƙa amsa waya yana sanar da dangi na nesa? Da liman ya idar da salla aka yi shela cewa duk wanda yake bin mamaci bashi ya zo ya ga wane, wanen nan kai ne. Daga nan sai tabarma a ƙofar gida, kwana uku kana miƙa hannu, kowa ya ce ya haƙuri ka ce da godiya, kana kuma leƙa cikin gida ka ga ko abinci ya ishi baƙi. Makoki ya watse, Hajiya ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, ƙanne suna jiran kuɗin makaranta, ga maganar gado a gaba, ga shago da ba zai buɗe kansa ba. A ina a cikin wannan aka ware maka rabin sa'a ka zama ɗan da ya rasa uba? Ɗan dako ba ya jin ciwon wuya yana tsakiyar kasuwa da buhu a ka, sai ya sauke ya zauna wuyan yake ƙagewa. Daren nan kana zaune a gidanka, ba mai jiran umarninka, ba mai kallon fuskarka don ya samu ƙarfin gwiwa, idon kowa yana kan talabijin. A karon farko tun rasuwar babu wanda kake yi wa dauriya.

Sauran aikin kuma fim ne ya yi shi, kuma kada ka raina fim a wannan fage. Sa mutum kuka sana'a ce da aka shafe sama da shekara ɗari ana gogewa a kanta.

A 1995 wasu masana halayyar ɗan Adam guda biyu a Amurka, James Gross da Robert Levenson, suka fitar da sakamakon wani aiki da suka daɗe suna yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Abin da suke nema shi ne gajerun yankunan fim da za a nuna wa mutum a ɗakin bincike a tabbatar ya ji abu guda tak, ko dariya, ko tsoro, ko ƙyama, ko baƙin ciki. Sun tace fina-finai sama da 250, suka gwada waɗanda suka zaɓa a kan mutum kusan 500. Wanda ya fi kowanne jawo baƙin ciki wani yanki ne da bai cika minti uku ba daga fim ɗin The Champ na 1979, inda ɗan dambe ya mutu bayan wasa, ƙaramin ɗansa yana jijjiga shi yana roƙon ya tashi. Ɗa da gawar ubansa. Ɗalibai ne aka zaunar a kujera, ba su san yaron ba, ba su ga farkon labarin ba, da yawansu iyayensu suna raye, amma minti uku ya ishe su. To ina ga wanda ƙasar kabarin ubansa ba ta gama kwanciya ba?

Akwai kuma wani tsohon gwaji da duk mai koyon haɗa fim yake jin labarinsa. Wajen shekara ɗari da suka wuce a Rasha, Lev Kuleshov ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa wadda ba ta nuna komai, ba fara'a ba ɓacin rai. Kamar yadda abokin aikinsa Pudovkin ya ba da labari, sai aka jera fuskar nan sau uku: tare da kwanon miya, tare da gawar wata mata a akwati, da kuma tare da yarinya tana wasa da 'yar tsana. Masu kallo suka yi ta yaba gwanintar ɗan wasan, wai dubi yadda ya yi zurfin tunani a kan miya, dubi alhininsa a kan gawa, dubi ɗan murmushinsa ga yarinya. Alhali fuska ɗaya ce ba ta sauya ba. Mai kallo ne yake zuba abin da ke ransa a cikin hoton. Mai shirya fim ɗin da ka gani ya san wannan sarai, shi ya sa bai nuna maka gawa ba, ya nuna maka tabarau. Ya san kowane gida da aka yi rashi akwai wani ƙaramin abu da mamaci ya bari a inda ya saba ajiyewa, ko hula a jikin ƙusa, ko carbi a kan darduma, ko takalmi a bakin ƙofa. Ya ajiye tabarau, kowa ya gani ya sa nasa a wurin. Kai ka san abin da ka gani a hannun saurayin nan, kuma na tabbata ba tabaraun wani tsoho a Indiya ba ne.

Sannan ga kyamara. A rayuwa ta yau da kullum kunya ba ta bari mu ƙura wa mai kuka ido. In ka je ta'aziyya ka tarar da wani yana share hawaye, kai da kanka kake sunkuyar da kai. Fim kuwa zai jawo fuskar har ta cika allo, ya tsayar da ita a gabanka, ka ga leɓe yana rawa, ka ga idon yana cikowa, ba inda za ka kau da kai. Ɗan Adam kuma an halicce shi da ɗaukar abin da ya gani a fuskar ɗan'uwansa. Ko a ɗakin haihuwa in jariri ɗaya ya fara kuka sai na kusa da shi ya kama. Kafin fuskar ta bayyana an riga an saki sarewa ko goge a hankali, jikinka ya karɓi saƙon tun kafin hankalinka ya fahimci abin da ke faruwa. Shi kansa ɗan wasan wataƙila gilisarin aka ɗiga masa a ido, ko ɗan man zafi ya shafa a ƙasan fatar idon, ana cewa an gama ɗauka ya goge ya tafi shan shayi. Wannan bai rage komai daga abin da kai ka ji ba.

Bisa al'ada fim ɗin Indiya yakan ɗauki sa'a biyu da rabi ko uku, kuma rabin lokacin yana tafiya ne wajen sa ka saba da mutanen, ka ci abinci da su, ka ji barkwancin tsohon, ka ga faɗansa da ɗansa, don in an ɗauke shi ka ji zafi. Kai ba ka buƙaci wannan shimfiɗar ba. Ka ce ba ma kallon kake yi sosai ba, kuma na yarda. Ka shigo falon da shekara 36 na sabo da naka uban.

Kada kuma ka ɗauka kai ne namijin farko da fim ɗin Indiya ya karya wa zuciya a ƙasar Hausa. Tun shekarun 1950 Kwarori, wato 'yan Lebanon, masu gidajen silima suka fara shigo da su Kano, inda aka buɗe Rex tun 1937, daga baya aka samu su Palace da Plaza da Orion da El Dorado. Galibin waɗannan silimu ba su da rufi, sai dare ya yi ake haska fim, kuma mafi yawan masu shiga maza ne, 'yan kasuwa da direbobi da leburori da 'yan makaranta. Mother India da aka yi a 1957 an yi shekaru gommai ana maimaita shi, har Brian Larkin, Baturen da ya yi bincike a kan silima a Kano a shekarun 1990, ya tarar ana ci gaba da nuna shi mutane suna cika wuri. Mu da muka ga ƙarshen wannan zamani mun san yadda ake yi. In aka zo wurin uwa da 'ya'yanta sai ka ji tari ya yawaita, ka ga ƙato ya jawo hula ya rufe rabin fuska, a fito kowa yana zagin ƙurar hunturu, ko da kuwa tsakiyar damina ce. Ba Indiyanci suke ji ba. Labarin ne suka gane: biyayyar iyaye, auren da ba a so, maraici, bashi, amana da cin amana. Da aka fara namu fina-finan a kaset, daga Turmin Danya a 1990, wannan hanyar da yawa suka bi. Yanzu kuma fassara ta zo ta cire ɗan shingen da ya rage. Saurayin nan da ya buɗe baki, da Hausa ya ce Baba, irin yadda kai kake kiran naka.

Maganar namiji ba ya kuka, gaskiyar da ke cikinta ita ce mata sun fi yawan yi. William Frey, wanda ya sa mutane a Minesota suka riƙa rubuta duk kukan da suka yi a shekarun 1980, ya samu mata suna yi kamar sau biyar a wata, maza kamar sau ɗaya. Sau ɗaya a wata, ɗana, ba sau ɗaya a rayuwa ba. Mu kuma mun ɗora kunya da jarumta a kai har muka mayar da bushewar ido alamar tawakkali, abin da addini bai ce ba.

Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga wurin ɗansa Ibrahim yana gargarar mutuwa, idanunsa suka fara zubar da hawaye. Abdurrahman ɗan Aufu ya ce, har kai ma ya Manzon Allah? Ya ce masa wannan rahama ce. Sannan ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Ka lura, tambayar da Abdurrahman ya yi ita ce dai wadda kake yi wa kanka, kuma an amsa ta. Muslim kuma ya ruwaito cewa ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa ya yi kuka har ya sa na kusa da shi kuka. Ta rasu yana ɗan shekara shida, ziyarar kuwa bayan hijira ce, tsakani ya haura shekara arba'in. Kai wata takwas ne ka ga kamar lokacin kuka ya wuce. Abin da aka hana sananne ne: kururuwa, marin fuska, yaga tufafi, da maganar da ke nuna ƙin ƙaddara. Ko a gidan Shehu Usmanu ba a ɓoye alhini ba. Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya da ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Gidado, kuma har yau ana karanta su ba wanda ya ce imaninta ne ya gaza.

Tambayarka a kan Alƙur'ani ita ce ta fi nauyi, kuma ba zan sassauta maka ita da daɗin baki ba. Kuka don tsoron Allah abu ne mai girma. Cikin mutum bakwai da za su shiga inuwar Al'arshi akwai wanda ya tuna Allah shi kaɗai idanunsa suka zubar da hawaye. Don haka burinka na samun wannan buri ne mai kyau, ka riƙe shi. Amma kuskure ne ka ɗora hawayen fim a ma'auni ɗaya da shi ka ce wanda ya fi yawa shi ya fi ƙarfi a zuciyarka. Fim an gina shi ne musamman don ya fitar da hawaye a minti kaza, da kiɗa da fuska da harshen da ka tashi da shi. Ba a saukar da Alƙur'ani don wannan ba, kuma da aka siffanta muminai a farkon Suratul Anfal, abin da aka ambata shi ne tsoron da ke kama zukatansu in an ambaci Allah, da ƙaruwar imani in an karanta ayoyinsa, da dogaro gare shi, da tsai da salla, da ciyarwa. Mutumin da ya ɗauki nauyin marayu da tsohuwa wata takwas bai yi ƙorafi ba, ba shi da hujjar zargin imaninsa don idonsa bai jiƙe a wurin tafsiri ba.

Ga kuma wani abu da za ka duba. Lokacin da Annabi ya sa Abdullahi ɗan Mas'ud ya karanta masa Suratun Nisa'i, a aya ta 41 ya ce ya isa haka, idanunsa suna zuba, ayar da take maganar ranar da za a zo da shi ya zama shaida a kan al'ummarsa. Ma'ana ce ta taɓa shi. Da yawanmu mun yi sauka, muna da tilawa mai kyau, amma in ana karatu sauti muke ji, ma'anar tana wucewa ta sama. A wurin tafsiri kuma kana cikin ɗaruruwan mutane, ka harɗe, ka saka fuskar dattako, wato dai yanayin da ya hana ka kuka a makoki. Ka nemi tarjamar Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ka zauna kai kaɗai bayan asuba ka karanta Suratu Yusuf aya da fassararta. Labarin uba ne da ɗa da aka raba su. Za ka ga Annabi Yaƙub ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, 'ya'yansa suna yi masa faɗa a kan ya ƙi daina ambaton Yusuf, shi kuma ya ce ga Allah kaɗai yake kai ƙarar damuwarsa da baƙin cikinsa. Za ka ga riga ce aka aiko masa, kuma tun ayari yana hanya ya ce yana jin ƙamshin ɗansa. Wanda tabarau ya sa shi kuka ba zai wuce wannan rigar haka kawai ba. In hawaye sun zo, alhamdu lillahi. In ba su zo ba, kada ka matsa su, ka ci gaba da karatu.

Batun halaccin kallon fim da kiɗan da ke ciki, malamai suna da maganganu a kai kuma kana da malaminka, ba shi ka tambaye ni ba.

Wayar nan ce nake so mu tsaya a kanta. Ana yawan cewa kuka yana sanyaya zuciya, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A 2015 Asmir Gračanin da abokan aikinsa na Jami'ar Tilburg a Holan sun nuna wa mutum 60 fina-finai masu sosa rai, 28 suka yi kuka. Da aka tambaye su nan take, waɗanda suka yi kukan sun fi jin ransu a jagule. Bayan minti 20 suka koma yadda suke, bayan minti 90 suka ce sun fi jin daɗi fiye da kafin a fara. Amma wani bincike da aka fitar a 2008, wanda ya tattara bayanin mutum sama da 5,000 a ƙasashe 35, ya nuna ba kowane kuka ne yake kawo sauƙi ba. Waɗanda suka samu mai rarrashi, ko kukan ya sa suka fahimci wani abu game da halin da suke ciki, su suka fi samun sauƙi. Waɗanda suka yi shi cikin jin kunya ko suna ƙoƙarin danne shi, ba su samu ba sosai. Naka kuwa a ɓoye ne, da tsakar dare, kana tsoron kada wadda ke kwance kusa da kai ta farka. Shi ya sa kake komawa kullum ba ka ji ya ishe ka ba.

Ba zan ce ka rantse ka goge fim ɗin yau ba, don na san za ka sake sauke shi jibi ka ƙara jin haushin kanka. Abin da nake gudu shi ne tsohon cikin fim ya tare maka naka. Duk daren da ka kunna, saurayin zai ɗauki tabarau a daidai wurin da ya ɗauka jiya, ba abin da zai ƙaru. Naka mahaifin kuwa akwai abubuwa da yawa game da shi da ba ka ma ji ba tukuna. Ka nemi abu ɗaya nasa da ya riƙa amfani da shi kullum, amma ka tuna kayan mamaci gado ne, ko carbi ne sai ka nemi yardar sauran magada ko a sa shi a cikin kasonka. Ka riƙa zuwa maƙabarta kai kaɗai, ba cikin ayarin kai wata gawa ba, ka yi masa sallama ka yi masa addu'ar da Allah ya koya mana a Suratul Isra'i, ta neman rahama ga iyaye kamar yadda suka rene mu muna ƙanana. Sannan ka nemi abokansa. Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa yana daga mafificin biyayya mutum ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa bayan ya wuce. Ka je majalisarsu da ɗan goro ka zauna. Tsofaffin nan za su ba ka labarin ƙuruciyarsa, da wautar da ya tafka, da alherin da ya yi a ɓoye, za ka yi dariya, wataƙila ka yi hawaye, kuma ba wanda zai kalle ka don su ma sun binne iyayensu. In ka yi waɗannan na 'yan makonni, ina kyautata zaton da kanka za ka ga hannunka ya rage zuwa kan wayar.

Ka shiga wurin Hajiya ma, ba don kai cefane kaɗai ba. Ta fita takaba, masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa, kowa yana kauce wa ambaton mijinta a gabanta wai kada a tayar mata da hankali. Ka tambaye ta yadda aka yi aurensu, ko abin da ya ce ranar da aka haife ka.

Maiɗakinka kuma, laifinta kashi biyu ne kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Dariyar ni ban ɗauke ta da zafi ba. Wata takwas tana ganin mijinta bai girgiza ba, kowa yana cewa Alhaji akwai tawakkali, sai kwatsam ga shi yana shessheƙa da loma a hannu saboda fim. Mutum yakan yi dariya in ya ga abin da ya ruɗa shi bai san yadda zai yi ba. Ta ɗauka fim ne ya sa ka kuka don ba ka taɓa nuna mata akwai wani abu a ƙasa ba. Amma fitar da maganar zuwa gidansu kuskure ne, ko ita ta kai ko ƙanwar ce ta kai ita ba ta kwaɓe ta ba. Abin da ya faru a falon miji ba labarin tsakar gida ba ne, kuma kana da haƙƙin ka gaya mata haka.

Sai dai gabar mako uku ba ta gaya mata komai ba. Ka san hadisin da ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, balle wadda kuke kwana ɗaki ɗaya. A yanzu ita abin da ta sani shi ne ta yi dariya mijinta ya yi fushi, kuma wataƙila a ranta tana cewa abin bai kai haka ba. Ka kira ta bayan yara sun kwanta ka ce mata, "Ranar nan ba fim nake yi wa kuka ba, Baba na tuna. Tun da ya rasu ban samu na yi ba sai ranar. Dariyarki ta yi mini ciwo, amma jin maganar a bakin 'yan gidanku ya fi yi mini ciwo." Ka tsaya nan, kada ka jawo tsofaffin laifuka. Mafi yawan matan da na sani in suka ji wannan su za su riga ka kuka. In kuma iyayenta duka suna raye, ka yi mata uzuri, ba ta ɗanɗana ba tukuna. Daga ranar ka samu wanda za ka iya cewa yau Baba ya faɗo mini a rai, kuma ita ce za ta ja wa 'yan gidansu kunne ba sai ka buɗe baki ba.

Akwai iyakar da in aka wuce ta shawarar jarida ba ta isa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta amince cewa alhini yana iya zarcewa ya zama lalurar da ke buƙatar magani, in ya haura aƙalla wata shida da tsananinsa har yana hana mutum gudanar da rayuwarsa. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka su shekara guda suka sa. Daga wasiƙarka ban ga ka kai nan ba, kana zuwa shago, kana cin abinci, kana kula da gida. Amma in barci ya ƙaurace maka, abinci ya fita daga ranka, ka daina jin daɗin duk abin da ka saba so har mako biyu ko fiye a jere, ko kana ta zargin kanka cewa da ka kai shi wani asibiti da bai mutu ba, to ka je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. In kuwa ka fara jin gara ka bi shi, wannan ba a kwana da shi, ka gaya wa wani a ranar kuma ku tafi a ranar. Kada ka sayi maganin barci a kemis ba da takardar likita ba, da yawa daga nan suka fara shaye-shaye.

Ita kuwa ƙanwar maiɗakinka, abokiyar wasanka ce, ba a kai ƙarar ta ba a yi mata fushi, in ka ɗaure fuska ma ka ƙara mata ƙarfi. In ta sake cewa ga jarumin Indiya, ka ce mata ka gode, kuma ka riga ka tanadi waya mai kyau da caji, ranar da za a kai ta ɗakin miji tana riƙe da zanen Mama tana cewa ita ba za ta je ba, kai ne mai ɗaukar bidiyo.

Kawu